Numfashin Jilani

Tun a layin motocin da ke jiran jirgin fito na gane wannan hutun ba zai zama hutu ba. Jilani ya kasa zama cikin mota. Ya fita, ya dawo, ya sake fita, ya je bakin ruwa ya tsaya yana kallon tsibirin Jarba a can tsallake, hannuwansa a baya, yatsunsa suna ta motsi. Direba ya tambaye ni ko maigidan nawa fitsari ke damunsa. Na ce a'a, gida ya hango.

Mijina haifaffen Ajim ne, garin da jirgin fiton ke tsayawa. Da ƙuruciyarsa mai nutso ne yana ciro soso daga ƙasan teku, irin na da, waɗanda ba su san wata tukunyar iska ba. A ɗaura wa mutum igiya a wuyan hannu, ya rungumi faffaɗan dutse, ya cika ƙirji ya faɗa. Da ya ciro soson sai ya doki ƙasa da ƙafa, wanda ke cikin kwalekwale ya jawo shi da iya ƙarfinsa. Shekarar da cuta ta kashe soson tekun ya bar tsibirin ya zo garinmu Matlawi, inda babu ruwan da ya fi na famfo, ya zama direban jirgin ƙasa mai jan ma'adini, ya aure ni. Shekara arba'in ina jin labarin ƙasan teku. Shi ne kaɗai zancen da ke buɗe bakinsa. In ba shi ba, Jilani zai iya wuni bai furta abin da ya wuce sallama da "ke, 'yar mutane, shayi" ba. Haka yake kirana. Sunana Shadliya, amma ban taɓa jin sa a bakinsa ba, don a gidansu namiji ba ya kama sunan matarsa, ko a ɗaki ko a waje. Na yi fushi, na yi gori, na gaji na bari.

Da ya yi ritaya sai labarin ma ya ɗauke. Ya samu kujera ɗaya a ƙofar gida ya lizimce ta, tun hantsi har magariba, yana ramewa a zaune ba ciwon komai. Wannan ya fi ciwo ba ni tsoro. 'Yarmu Sausan, wadda ke aikin jinya a Safakus, ita ta kama mana ɗaki na 'yan kwanaki a wani ƙaramin otal, ta sa likita ya duba mu, ta kuma biya wa ubanta koyon nutso da tukunya. Ta ce mini a waya in ya sake ganin ƙasan teku, ko sau ɗaya ne, zai dawo mana. Na ce in kuma bai gani ba fa? Ta sauya magana. Ni ma na san amsar, kujerar nan ce har kabari.

Washegarin isarmu muka sadu da mai koyarwar a bakin tafkin wankan otal. Sunansa Nizar, saurayi ne ɗan arewacin ƙasarmu, dogo siriri, rana ta gasa shi har hancinsa na saɓa. Ya gaishe mu da ladabi, Ammi Jilani, Halti Shadliya, wato baffa da inna, ya jera kaya a ƙasa yana bayani. Jilani ya ɗaga tukunyar ya jinjina ta, ya ce su a zamaninsu tukunyarsu a ƙirji take. Nizar ya yi murmushi, da gani ba yau ya fara jin irin wannan ba. Ya ce amma fa ba a nutso mutum ɗaya, kowa da abokinsa, ko Halti za ta gwada? Wasa yake yi. Jilani ya yi dariya, wadda rabon da in ji ta an fi shekara, ya ce wannan ko a gidan wanka sai an riƙe mata hannu kafin ta taka daɓe mai santsi.

Da bai yi dariyar ba, da na zauna a inuwa da shayina. Na ce wa Nizar ya kawo nawa kayan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wanda ya ƙirƙiro rigar robar nan bai yi ta don matar da ta haifi biyar ba. Wata ma'aikaciyar otal ce ta taya ni kokawa da ita a ɗaki, tana ja ina ja, muna ta salati. Na ɗora doguwar riga a kai, hular robar kuwa ta fi ɗankwalina rufe gashi. Sai ɗamarar dalma, sai gilashin fuska, sai takalman nan masu kama da ƙafar agwagwa. Na fito ina tafiya da ƙyar, Jilani ya kawar da kai kamar bai san ni ba.

Kafin mu shiga ruwa Nizar ya zaunar da mu. Ya ce duk abin da zai koya mana, in mun manta Allah zai iya rufa asiri, ban da abu guda: kada a riƙe numfashi. A ja, a saki, a ja, a saki, musamman in ana tasowa. Ya ce iskar da mutum ya sha daga tukunya a can ƙasa matsattsiya ce, yana hawa tana kumbura, in ba ta samu ƙofa ba sai ta fasa huhu. Don kada mu ce surutu ne, ya ɗauki balan-balan ya sauka ƙarshen tafkin mai zurfi, ya hura ta tam da iskar tukunya, ya ƙulle ya saki. Tana isowa sama ta fashe. Na dafe ƙirji. Jilani ya ce ƙirjin namiji ba balan-balan ba ne.

Abin mamaki, ni abin bai ba ni wuya ba. Tsoro kam na ji shi, amma da na ciji robar da ake shaƙar iskar tukunya da ita na sa kai cikin ruwa na ji iska tana shigowa, sai na ga ai abin da na saba ne. Ni da aka ce bakina ba ya rufuwa tun ina yarinya, yau ga wurin da hakan ya zama ilimi. Nizar ya koya mana yadda ake korar ruwa daga gilashi, da yadda ake toshe hanci a hura saboda kunne, da abin da za a yi in robar ta fita daga baki: kada a kulle leɓe, a riƙa sakin iska kaɗan-kaɗan, a zagayo da hannun dama a kamo tiyon. Na sha ruwan tafkin nan har na ƙoshi, amma na iya.

Jilani kuwa a ruwa wani mutum ne daban. Tsohon da nake taya shi sa safa, ga shi yana sulalawa a ƙasan tafki ba tare da ya motsa hannu ba. Sai da na ji hawaye cikin gilashina. Amma da na duba saman kansa, babu kumfa. Tawa tana ta bulbula, ta Nizar ma haka, shi kuwa shiru. Zai ja iska ya cika ƙirji, ya kulle, ya yi ta yawonsa. Nizar ya taɓa masa kafaɗa ya nuna masa baki, ya saki kaɗan don kunya, ya sake kullewa. Daga ƙarshe ma, muna can wuri mai zurfi, kawai sai ya doki ƙasa da ƙafa ya yi sama. Da ƙyar Nizar ya cafko ɗamararsa.

Da muka fito fuskar yaron ta canza.

"Ammi, da a teku ne wannan, da yanzu muna hanyar asibiti, in ma an kai."

"Tun ubanka na tsotson yatsa nake nutso," in ji Jilani.

"Na yarda. Shi ya sa nake jin tsoronka. Wanda bai iya ba, da ya firgita sai ya yi ihu, iskar ta fita da kanta. Kai ba ka firgita."

Ya ce akwai dabara. In mutum yana tasowa ya riƙa cewa aaa, kamar a gaban likita, don murya ba ta fita sai da iska. Jilani ya ce shi ba akuya ba ne. Nizar, da yake ɗan arewa ne bai san inda ya taka ba, ya ce to ya zaɓi kalma mai daɗi, ya riƙa kiran sunan Halti yana jan ƙarshen.

Na ga kunnuwan Jilani sun yi ja. Ya sauke tukunya ya nufi ɗaki, ya manta da takalman agwagwa a ƙafarsa, yana tafe suna faf-faf a kan daɓe, Turawan da ke kwance a rana suna bin sa da kallo. Na so in yi dariya, amma tsoro ya hana ni. Nizar ya ba ni haƙuri, sannan ya faɗa mini gaskiya: muddin haka Ammi zai riƙa yi, ba zai sa shi a jirgi ba.

Washegari aka sake shiga tafki, jiya i yau. Daga nan kuma iska ta taso daga gabas, babu jirgin da ya fita, hutun yana ta zurarewa muna kallo, har ya zama safiya ɗaya ta rage mana. Jilani ya kasa zaune ya kasa tsaye. Aka kawo shinkafar nan ta Jarba da ake turarawa da ganye da hanta, wadda tun aurenmu yake ce mini tawa ba ta kai ta ba, ya yi cokali biyu ya ture. Ya ce mu je Ajim.

Tun rasuwar yayansa Sasi bai sake shiga cikin garin ba. Ya ja ni daga wannan lungu zuwa wancan, yana nuna mini inda gidan wane yake, yanzu shagon gyaran waya ne. Muka leƙa gidan shayin da masu nutso ke zama a da, babu wanda ya san shi sai wani tsoho da ya kira shi da sunan wani. A bakin tasha akwai mai sayar wa baƙi soso, Jilani ya ɗauki ɗaya ya matsa, ya shinshina, ya ajiye, ya ce wannan bai taɓa ganin teku ba. Daga nan sai maƙabarta, kabarin Sasi, wanda shi ne ke riƙe masa igiya. Muka yi addu'a, bai ko gama shafawa ba ya ce mu tafi. Ƙafafuna sun kumbura, raina ya ɓaci, na zauna a kan wata katanga na ce ba inda zan ƙara zuwa.

A nan na zazzage masa abin da ke cikina. Na ce 'yarsa ta hana kanta ta kawo shi nan, yaron mutane yana lallashinsa kamar jariri, shi kuma ya kafe a kan numfashi, abin da jinjiri ke yi ba a koya masa ba. In kiɗa ya canza, ai rawa ma canzawa take. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Ya bari na gama, idonsa a kan tekun da ya yi fari da igiyar ruwa.

"Ba taurin kai ba ne, 'yar mutane," ya ce. "Ina yaro, babanmu zai zauna a kwalekwale ya zuba wa ruwa ido. In ya ga kumfa ɗaya ta taso daga inda nake, ranar da jiƙaƙƙiyar igiya zai tarbe ni. Cewa yake wanda ya saki iskarsa a ƙasa ya saki ransa. Yanzu ina ce wa ƙirjin nan saki, ba ya jin magana."

Sannan ya ce gobe mu bi motar safe, ba sai an jira ta yamma ba.

Wannan ta fi duk sauran tayar mini da hankali. Na hango kujerar nan a ƙofar gida, da shi a kanta, ga kuma abin kunya da zai ƙara zama da shi, cewa teku ta kore shi a gaban matarsa. Muna komawa otal na bar shi a ɗaki na tafi neman Nizar. Na same shi yana ɗauraye kaya bayan la'asar. Ya ce iska za ta kwanta gobe, ni in ina so zai fita da ni, amma Ammi a'a. Ya ce gara mutum ya koma gida da fushi da ya koma a kwance, shi kuma ya gwada riƙe shi a tafki ya ga yadda yake suɓucewa.

Na ce to a ɗaure shi. Na ba shi labarin da na ji sau ba adadi: mai nutso ba ya jayayya da igiya. Wanda ke riƙe da ita shi ke riƙe da ranka, in ya fizga, ko me ke hannunka sai ka tsaya ka saurara. Na ce uban da ya koya masa kulle ƙirji shi ya koya masa wannan, kuma da bulala ɗaya. Nizar ya daina ɗauraya ya dube ni. Ya ce suna da gajeriyar igiya da abokan nutso ke ɗaurawa in ruwa ya yi duhu, sai a ɗaura Ammi a hannunsa shi Nizar.

"Kai zai ja ka, ɗana, ba zai ji komai ba," na ce. "Ni ba zai ja ni ba. In ma ya ja, Allah bai rage ni da jiki ba."

Ya daɗe yana sosa hancin nan nasa. Daga ƙarshe ya yarda, amma da sharaɗi: wuri mara zurfi, yashi da ciyawa, shi yana gefe ɗaya hannunsa kusa, ba a taɓa komai, kuma da ya ga kumfa ta ɗauke an gama.

Da na kai wa Jilani maganar sai ya dube ni kamar na zagi kakansa.

"Mace ba ta riƙe igiya. Ko kwalekwalen ba ta takawa."

"Mace ba ta nutso ma, ga shi na fi ka."

"Bayan Sasi ba wanda ya riƙe mini."

"To yanzu an samu. Ko ni, ko motar safe."

Ya tashi ya fita baranda, ya dawo, ya buɗe jaka ya rufe. Can sai ya ce shi zai ƙulla da kansa, don mutanen yanzu ba su iya ƙulli ba. Yana faɗin haka rashin sukunin ya bar shi ya dawo kaina. Ni ce nan da bakina na roƙo abin da zai iya kashe mini miji. Na kira Sausan, kafin ta ɗauka na kashe. Na ninke kayan da na riga na ninke. Abincin yamma ranar shi ya ci, ni na kasa.

Da safe teku ta kwanta luf kamar ba ita ba. Jirgin ya fita da mu, ba mu yi nisa sosai ba mai jirgin ya saki anga. Jilani ya miƙa hannu ya ɗebi ruwa ya shafa a goshi, ya yi bisimilla. Sannan ya kama wuyan hannuna na hagu a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba, ya ƙulla igiyar, ya ƙulla ɗaya bakin a nasa, ya ja ya gwada. Hannunsa sanyi ƙalau. Muka faɗa, muka bi igiyar anga a hankali har gwiwoyina suka taɓa yashi.

In ka tambaye ni yadda ƙasan teku yake, ba zan iya ba ka labari mai yawa ba. Na ga ciyawa doguwa tana kwanciya tana tashi, na ga ƙananan kifaye farare suna juyawa tare, na ga tukwanen ƙasa da masunta ke jerawa a jikin igiya a matsayin tarko. Amma ni idona yana saman kan Jilani. In na ga shiru ya yi yawa sai in fizga, sai kumfa ta fito. In fizga, ta fito. Da haka muka yi ta tafiya, ni da shi da Nizar a gefensa, har na lura ya fara saki tun ban fizga ba. Yana nuna mini wannan, yana nuna mini wancan, idanunsa a bayan gilashi sun koma na yaro. Na ce a raina alhamdulillahi, mun gama, sai mu hau.

Sai muka zo wani dutse, a jikinsa akwai wani baƙin dunƙule, mummuna, kamar burodin da ya ƙone. Shekara arba'in ina auren mai soso, ban san cewa soso mai rai baƙi ne ba. Na ji igiyar ta miƙe. A daidai lokacin Nizar ya sunkuya yana duba agogon iskata. Kafin in ankara Jilani ya kai hannu biyu, ya murɗa, ya ciro, ruwa ya yi duhu a wurin. Ya danna shi a hammata. Na ji ƙarar iskar da ya ja, doguwa, har ƙarshen ƙirji. Ya naɗe gwiwoyi ya doki ƙasa.

Igiyar ta fizgi hannuna ta gilma da shi ta fuskata. Robar ta fita daga bakina, gilashi ya karkace, ruwan gishiri ya cika mini ido ɗaya da hanci. Na ji gwiwoyina sun bar yashi. Na fizga da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni. Ina sakin iska kaɗan-kaɗan yadda aka koya mini, ina lalube da hannun dama, amma tiyon ya koma bayana ban same shi ba, iskar cikina kuma tana ƙarewa. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Fizgar ta tsayar da shi. Da ido ɗaya na gan shi a samana, kumatu a cike, babu kumfa ko ɗaya, ƙafafu sun daina bugu amma ruwa yana ci gaba da ɗaga shi. Ya waigo ƙasa don ya ga mai igiya, ya ga bakina babu komai.

Sai na ji murya. Ashe ruwa yana kai magana. Kumfa ta fashe daga bakinsa, mai yawa, ta rufe masa fuska gaba ɗaya, a cikinta kuma akwai kalma ɗaya da aka ja ƙarshenta. A dagule ta zo, wani ba zai gane ba, amma mace ta san sunanta. Soson ya faɗo ta gefena. Shi ma ya biyo shi da ka, ya zare robar bakinsa ya cusa mini, Nizar kuma ya damƙi ɗamararsa da hannu ɗaya, da ɗayan ya cusa masa robar da yake ajiyewa saboda irin wannan rana. Na yi tari, na ja iska, na sake yin tari, na ja. Muka tsaya mu uku a dunƙule kamar masu gulma, har Nizar ya tabbata kowa yana numfashi, ya mayar wa kowa da robarsa, ya nuna sama da babban yatsa.

Muka bi igiyar anga a hankali, hannu bayan hannu. Tun daga ƙasa har sama muryar nan ba ta tsaya ba. Ƙasa-ƙasa yake yi yanzu, ya ja iska, ya faɗa, ya ja ƙarshen, ya sake, kumfarsa tana wucewa ta gaban fuskata ba yankewa. Ni dai ban fizga ko sau ɗaya ba.

A cikin jirgi na amayar da rabin teku. Nizar ya zaunar da Jilani yana tambayarsa ko ƙirji na ciwo, ya sa shi tari a tafin hannu, ya duba idanunsa, ya sa shi ɗaga hannuwa. Da ya ga lafiya lau sai ya zauna daɓas, ya ce shi da igiyar Halti har abada, ya yi faɗa da mu, ya yi faɗa da kansa. Yana da gaskiya. Da ya huce sai ya dubi Jilani ta gefen ido.

"Ammi, me kake ta faɗa ne a ƙasa?"

"Salati nake."

Mai jirgin ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara. Jilani ya ce shi soson nan yake tunani, mai kyau ne, an yi asara. Daga nan bakinsa ya buɗe. Har muka iso gaɓa yana gaya wa mai jirgin inda duwatsu suke da inda ake samun mai laushi, da ranar da Sasi ya jawo shi da kifi maƙale a wando. Da rana ya cinye shinkafarsa ya ƙara da rabin tawa, ya kira Sausan da kansa ya tambaye ta ko hutun bazara yaushe ne.

Da yamma muka bi motarmu ta shiga jirgin fito. Muka fito muka tsaya a jikin ƙarfe tare da mutane, tsibirin yana ja da baya. Shatin igiyar yana nan ja a wuyan hannuna, ina ta shafa shi.

"Ke, 'yar mutane, miƙo ruwan nan."

Ban juya ba. Ya sake faɗa. Na ce ban san wadda ake kira ba, mutane suna da 'ya'ya da yawa a jirgin nan.

Ya dubi dama, wasu samari ne da babura. Ya dubi hagu, wata tsohuwa ce da kwandon kifi. Ya matso kusa, ya ja iska ya cika ƙirji, sai kuma ya kulle, kunnuwan suka fara ja.

"Saki, Jilani," na ce.

Ya saki, ya faɗe shi, a hankali yadda tsohuwar ba za ta ji ba. Ta ji. Na miƙa masa ruwan.